Kunnen Yayansa

A wajen masu masana'antu, in aka ce an kira Mai Kunne, to magana ta ƙare. Wani manaja yakan ce, "Wannan bawan Allah ba gyara yake yi ba, hira yake yi da inji." Masu gadi ma suna ba da labarinsa: zai shiga ɗakin janareta da doguwar sukudireba, ya ɗora bakinta a jikin altaneta, wato ɓangaren da ke haifar da wutar, ya manna mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido. Can sai ya ce, "Boris ɗin baya ne ya cinye," ko kuwa, "Kwayil ya fara ƙonewa, ku kashe." In an buɗe, haka za a tarar.

Ƙanensa, wanda suke shago ɗaya, Mai Mita ake ce masa. Shi ya yi makarantar sana'a, yana da takarda, yana da mita mai tsada. Sai ya yi awa biyu yana gwada wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya gano ciwon daidai, amma manaja ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Bari dai Yayanka ya zo ya saurara." Wannan magana ita ta yi ta cinsa shekara da shekaru. Ba ya rasa ci, ba ya rasa sha. Sunan ne kawai ba nasa ba.

Wata rana da azahar ya ɗauke sukudirebar Yayansa daga akwati, ya nufi bayan filin 'yan gwangwan, inda wani boka yake zaune a ɗakin langa-langa. Ɗakin ba taga. A tsakiya akwai tsohon ƙarfen inji an ɗaura masa jan ƙyalle, jini ya bushe a kansa ya haɗu da baƙin mai. An naɗe ƙahonin rago da wayar tagulla an jera su kewaye. Ƙudaje ne kaɗai ke motsi. Mai Mita ya miƙa sukudirebar, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Kunnensa kake so," in ji boka, "ko abin da kunnen ke kawo masa?"

"Duka biyun."

"Shi kuma ya ji da me?"

"Ai ya ji abin da ya ishe shi."

Boka ya yi 'yar dariya. "Za ka ji abin da bai taɓa ji ba. Amma ciwon da ka cire daga inji, ni ba ni da wurin ajiye shi. Zai nemi wurin zama."

"A ina?"

"Ban taɓa tambayarsa ba."

Mai Mita ya ce, "Malam, rana tana yi, a yi aikin."

Boka ya yanka baƙin zakara a kan ƙarfen, ya tsoma mariƙin sukudirebar cikin jinin, ya ɗiga masa sau uku a kowane kunne. Sanyin ya sauka har haƙoransa.

Kafin wata ya ƙare, tun daga bakin ƙofar masana'anta yake faɗin ciwon inji. Ya jefa mita a ƙarƙashin benci. Kwangila ta yi ta zuwa, ya buɗe kamfaninsa, ya gina bene, ya ɗauko mahaifiyarsu daga gidan Yayansa ya ce can ya yi mata ƙanƙanta. Shi kuwa Mai Kunne, jinsa ya fara nauyi. Ran nan ya zo har ofis yana murza hularsa.

"Ƙanena, zo ka saurara mini wani inji. Kunnen nan ya fara yi mini gardama."

"To Yaya, tsufa ke nan. Sai dai ka bi layi," in ji Mai Mita, kamar da wasa. A ranar ya ci abinci har da ƙari.

Sannan gidan ya fara karɓar baƙinsa. Ya gyara wani altaneta mai ɗaukar zafi a kamfanin ƙanƙara. Kafin ya dawo, zazzaɓi ya kama matarsa, jikinta ba ya taɓuwa. Bayan kwana tara aka kai ta makwancinta. Ya gyara wani mai jijjiga har yana tsinke kusoshi. 'Yarsa ta fari, wadda ke shirin gama karatu, ta fara karkarwa, ko kofi ba ta iya riƙewa. Ya gyara wani da wutarsa ke zuwa tana ɗaukewa. Mahaifiyarsa ta kira sunansa da safe, da yamma ta tambaya wane ne wannan mutumin, ta yi ta yage zanenta tana dariya.

Ya gane, ya daina karɓar aiki, amma kunnen bai daina ba. In 'yarsa ta wuce, yana jin gurzar boris a ƙirjinta. Yana jin ranar da zuciyarta za ta tsaya, kuma bai yi kuskure ba. Ya koma wajen boka, ya tarar an share filin, ba ɗaki ba alamarsa. Ya cusa auduga a kunne, ya cusa kakin zuma, a banza. Ma'aikata suka watse, bene ya tafi a neman magani.

Duk wanda baiwar ɗan'uwansa ta hana shi sukuni, ya dubi wannan mutum ya shiga taitayinsa. Boka ba ya kyauta, kuma ba a jikinka yake fara yanka ba.

Ranar da aka binne mahaifiyarsu, bayan mutane sun watse, ya bi Yayansa har tsohon shago. Mai Kunne yana zaune yana naɗa wayar tagulla da hannu, aikin da ya rage masa ke nan. Mai Mita ya durƙusa, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Yayan ya dubi leɓensa, ya girgiza kai.

"Ɗaga murya, ƙanena. Ka san halin da nake ciki."

Maƙwabta masu walda sun tsaya da aiki suna kallo. Mai Mita ya dube su, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Ni na sayar da kunnenka, Yaya. Ni na kashe Inna. Ka yafe mini."