Tafasasshen Ruwa a Bututun Kicin

Tun la'asar wurin wanke-wanken Anti Tela ya toshe. Ruwa ya tsaya cik a sinki, maiƙo na yawo a samansa, wari ya cika kicin, irin warin kwatar nan da ke maƙale wa mutum a maƙogwaro. Da ta buɗe durowar ƙasa sai ta tarar mahaɗin bututu na ɗiga, katakon ya kumbura ya yi baƙi, ruwan kuma ya fara bin gindin bango yana neman ɗakin ɗinkinta. A ɗakin nan take jibge yadudduka na mutane, wasu an yanka, wasu ko warware su ba a yi ba.

Maigidanta direban babbar mota ne, yana kan hanya, ba ranar zai dawo ba. Daga ita sai 'yarsu Lele, wadda ba ta daɗe da iya tafiya ba. Don haka ta kira yayanta, mai gyaran famfo. Ya yi mata dariya son ransa, ya ce da ma ya san za a rina, tunda ta mayar da sinki kwandon shara: sauran mai nan, sauran miya nan, in da hali har ƙashi ma tura shi za ta yi. Ya ce ta sa roba ta tari ɗigar, gobe da safe zai zo ya kwance bututun ya wanke. In kuma abin ya fi ƙarfinta, ta je gindin tanki ta murɗe babban makulli, ruwan gidan gaba ɗaya zai tsaya.

"Kada ki zuba komai a ciki," in ji shi. "Kin dai ji ni ko?"

"Na ji, Yaya."

Ta ji ɗin. Amma roba ta cika ta zubar, ta sake cika ta zubar, danshin kuwa sai matsawa yake. Nan ta tuna wata mai kawo mata ɗinki ta taɓa ce mata tafasasshen ruwa na narkar da maiƙo. Ta kwashe ruwan sinkin da kofi, ta ɗora babbar tukunya a kan gas. Lele ta yi barci a kan katifa a ɗaki, da 'yar kwalbar madararta a hannu.

Rana ta faɗi, gari ya yi jaja-jaja, ana shirin kiran magariba, lokacin da tukunyar ta tafasa. Hankalinta na kan yadudduka. Ko bisimilla ba ta yi ba, ta sunkuto tukunyar da tsumma ta juye ta duka a ramin.

Tururi ya turnuƙe mata fuska. Bututun ya yi gurnani, ya yi ƙugi, ruwan ya wuce zuu.

Sai aka ƙwalla ƙara.

Muryar yaro ce, siririya, mai tsini. Daga can ƙarƙashin siminti ta fito, ta biyo bututun ta hau. Ba ta daɗe ba aka katse ta, kamar an toshe bakin mai yin ta.

Anti Tela ta saki tukunyar ta ruga ɗaki. Lele na nan tana barcinta, ko motsi ba ta yi ba. Ta tsaya a kanta tana haki, tana gaya wa kanta ai iska ce ta maƙale a bututu, Yaya ma ya sha faɗa cewa bututu na kuka. To amma warin da ya biyo ta ɗakin ba na kwata ba ne. Ƙauri ne, irin na gashi da fata.

Tana nan tsaye ta ji famfon kicin ya buɗe.

Ta je ta rufe. Kafin ta juya, na wanke hannu a falo ya buɗe. Ta rufe shi, na tsakar gida ya ɓarke. Tana kallo kan famfon kicin ya sake murɗa kansa a hankali, ƙiii, ba hannun kowa a kai. Shawar banɗakinsu ta kama zuba. Can ƙuryar gidan, a banɗakin baƙi da aka daɗe ba a shiga ba, ta ji ruwa na dukan tayil da ƙarfi.

Kan ka ce me, ruwa ya malalo falo. Ya jiƙa kafet, ya shige ƙarƙashin ƙofar ɗakin ɗinki. Ta tuna maganar Yaya. Ta fita da gudu ba takalmi, ta durƙusa a gindin tanki, ta kama makullin da hannu biyu. Ya yi tsatsa, ya ƙi motsi. Ta naɗe shi da gefen zaninta ta murɗa har ƙarfen ya yanke mata tafin hannu, sannan ya juya.

Gidan ya yi tsit.

Ta koma ciki tana taka ruwa. Ba abin da ake ji sai ɗis, ɗis, daga bakin famfo. Sai kuma wani sauti daga banɗakin baƙi, ƙasa-ƙasa, kamar mace na rarrashin jariri.

Da ma ta ɗauki Lele ta fice. Ta yi niyyar haka. Amma ƙofar banɗakin na kan hanyar ɗakin, kuma a buɗe take.

Ba fitila a ciki, sai ɗan hasken da ya rage a taga. Wata mata na tsugune a ƙarƙashin famfo. Doguwa ce ƙwarai, don a tsugunen ma kanta ya kusa taɓa kan shawa. Gashinta ya sauko har ƙasa ya jiƙe, wani sashensa yana cikin ramin magudana, kamar daga nan ta fito ba ta gama fitowa ba. Tana rungume da wani ɗan abu a ƙirji. Tururi na tashi daga jikinsa. Hannunsa ɗaya ya saki yana reto, fatar ta saɓule ta yi fari.

Matar na riƙe da shi saitin famfo. Famfon ya bushe.

Ba ta waiwayo ba.

"Kin ƙona min shi," ta ce, cikin raɗa. Muryarta kamar ruwa na wucewa a bututu. "Na zo sanyaya shi, kin hana ni ruwan."

Anti Tela ta yi ƙoƙarin yin addu'a. Addu'ar da ta iya tun tana yarinya ta ɓace mata, sai farkonta take ta maimaitawa a zuci.

"Ban sani ba," ta samu ta ce da ƙyar. "Wallahi ban san da kowa ba."

Yaron ya yi wani ɗan nishi. Matar ta sunkuya ta hura masa iska a hannu.

"Taki tana barci," in ji ta. "Fatarta lafiya lau."

Daga ɗaki, Lele ta fara tari.

Anti Tela ta yunƙura za ta nufi ɗakin, ƙafafunta suka ƙi. Ruwan da take tsaye a ciki ya fara ɗumi. Ta duba ƙasa. Yana ta ƙara zafi, yana hucin tururi, kuma ba gangara yake bi ba. Ɗakin Lele ya nufa.

Katifar a ƙasa take.

Ta juya da baya. Baya kam ƙafafun suka yarda.

Ta faɗi a bakin ƙofa, ta tashi. Ta isa gindin tanki da rarrafe. Hannunta jini, makullin santsi. Ta murɗa, ya zame. Ta sake murɗawa, ya zame.

Lele ta tsala kuka.

Anti Tela ta cire ɗankwalinta ta ɗaure ƙarfen, ta taka bango da ƙafa, ta ja da duk ƙarfin da Allah ya ba ta.

Ya buɗe.

Famfunan gidan suka amsa a tare. Ta ji tankin na zuƙewa a saman kanta. Ta ruga ciki. Ruwan sanyi na kwarara ta ko'ina, yana haɗuwa da na zafi, tururi ya rufe falo har ba ta ganin gabanta. Ta bi bango da lalube. Ta wuce ƙofar banɗakin idonta a rufe. Wani abu mai jiƙa, mai tsawo, ya shafi idon sawunta.

Ba ta duba ba.

Ta tarar da Lele a tsaye a tsakiyar katifa, ruwa ya kewaye ta yana huci, saura kaɗan ya hau. Ta fizge ta ta saɓa a kafaɗa. Zafin ya ci mata ƙafafu, ba ta tsaya ba.

Da ta zo wucewa ta biyu, kukan yaron ya lafa. Sai shesshekar wanda ya gaji, da muryar uwar tana ce masa ya isa, ya isa.

A bakin titi ta tsaya, ba ɗankwali, ba takalmi. Daga nan ta kira Yaya. Da ya ji muryarta bai tambaye ta komai ba, ya ce ta tsaya inda take. A gidansa suka kwana, matarsa na shafa mata magani a ƙafa.

Washegari ya je gidan shi kaɗai. Ya tarar tanki ya ƙare ƙaf, famfuna duk a rufe ruf. Kafet ya lalace, ƙofofi sun kumbura, fenti ya ɗaɗɗago, yaduddukan ƙasa sun rine juna. Ya kwance bututun kicin ya sa sabo, ya canza makullin tanki. Banɗakin baƙi kuwa ya leƙa sau ɗaya, ya ja ƙofar, ya ce ba abin da ya lalace a ciki. Bai sake yi mata dariya a kan sinki ba.

Anti Tela ta bi masu kaya ɗaya bayan ɗaya tana ba su haƙuri, wasu suka yafe, wasu suka ɗauke ɗinkinsu. Maigida da ya dawo ya ji labari ya ce su tashi, ita ta ce a'a, ba ta san me za ta tarar a wani gidan ba, nan kuwa an riga an bar ta da ranta. Ƙafafunta suka warke da tabo. Mai da sauran miya ta koma tara su a gwangwani, ruwan zafi kuwa ko na wanka ne sai ta surka shi ya huce kafin ya taɓa magudana.

Bayan wasu watanni, bakin Lele ya buɗe. Wata yamma Anti Tela na kan keken ɗinki ta ji shiru ya yi yawa, ta leƙo. Yarinyar na zaune a ƙofar banɗakin baƙi, ta jera kayan wasanta gida biyu, rabi a gabanta, rabi a bakin ƙofar. Ta ɗago ta ga uwarta, ta yi murmushi.

"Mama," ta ce, "hannunsa ya warke."