Daga Sheshe Zuwa Gaɓar Lakwaja

"Kul! Ka yi ihu uwarka ta haifi wani!"

Sabo ne ya daka tsawar, bakin bindigarsa a ƙirjin Madugu Isiyaku. Rana tsaka ce, ranar Juma'a. Mazan unguwar Sheshe ta birnin Kano duk sun tafi masallaci, lungu ya yi tsit sai kukan awaki. Madugu kaɗai ya rage a zaure, kurkunu ta ɗaure masa ƙafa.

Gidaɗo na bakin ƙofa riƙe da gora, rawani ya rufe masa fuska. Fitarsa fashi ta farko ke nan. Bafillace ne da annoba ta cinye shanun gidansu, ya shigo birni yana dako a Ƙofar Wambai har wuyansa ya yi kanta. A can Sabo ya tsince shi. Shi kuwa Sabo Bakano ne, tsohon sojan Nasara, an kore shi daga bariki ya fito da bindigar da ba tasa ba. Na ukunsu Mailafiya, ƙaton mahauci, wanda sunansa kaɗai ke da lafiya.

"Ina jakar?" in ji Sabo. "Murjanin da aka kawo maka shekaranjiya. Maza!"

"Bayin Allah, amanar mutane ce..."

"Mu ma mutane ne. Mailafiya, ɗaga shi!"

Mailafiya ya fizge Madugu daga kan buzu. Ga jakar fata nan a ƙarƙashi, cike da murjani da tsakiya da warwaron azurfa. Madugu ya kai hannu zai riƙe, sai ya damƙo rawanin Mailafiya. Rawani ya warware — fuska ta fito fili!

"Kai ne? Mahaucin kasuwar Kurmi?"

Bai ƙara wata kalma ba. Wuƙar Mailafiya ta haska, Madugu ya sulale ya jingina da bango. Sabo ya ɗura wa Mailafiya ashar da wani yare da Gidaɗo bai taɓa ji ba, sannan ya sure jakar.

"Arce! Ta bayan marina!"

Suka fito ba gudu ba tafiya. Jakinsu na ɗaure a bakin kududdufi da kayan fatu. Suka cusa jakar da bindigar cikin fatun, suka kora shi. Lokacin da masallata suka fara dawowa, su sun fice ta Ƙofar Na'isa, mai gadin ƙofa har yana yi musu a sauka lafiya.

A Sheshe kuwa gida ya kaure da kuka. Mace ɗaya ce ba ta yi ba, 'Yardada, yayar Madugu, tsohuwar 'yar kasuwa mai sayar da gishiri. Tana bayan asabari aka yi abin, ta ji komai. Da aka binne ƙaninta bayan la'asar, Musa, babban dogarin da aka ba binciken, ya tsugunna a gabanta.

"Baba, kin ga fuskokinsu?"

"Ban gani ba. Amma na ji. Mai bindigar ya yi zagi da Nufanci, irin na bakin ruwan Lakwaja. A can aka haife ni, Malam Musa. Ubanmu Bakano ne, uwarmu 'yar Kakanda, masu kwale-kwalen can. Kuma wannan murjani ba mai sayensa a Kano, kowane dillali ya san shi. Can za su kai."

"To ai mun sa mutane a tashar jirgin ƙasa."

"Ba za su bi tasha ba, ba mahaukata ba ne. Da ƙafa za su tafi. Mu ne za mu hau jirgin."

"Mu? Baba, da shekarunki?"

"Kai ka iya magana da masu kwale-kwale?"

Kashegari Musa ya nemi izini a fada, aka buga waya Lakwaja daga ofishin Nasara, shi da tsohuwa suka shiga jirgin da ke zuwa Baro.

Su Gidaɗo kuwa daji suka yanka. Suka bar Zariya a hannun hagu, suna kwana inda dare ya yi musu, suna tashi kafin kowa. Gidaɗo ba ya iya barci. Da ya rufe ido sai ya ga Madugu yana sulalewa. Abinci ma sai ya tura da ƙyar. Duk lokacin da Sabo ya ga ya yi zugum, sai ya ɗauko masa labarin Lakwaja.

"Kai, ɗan Fulani, saki ranka! Inda za mu, ba a tambayar sunan uban kowa. Gari ne a gindin wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, Patti ake ce masa. A gabansa kogin Kwara ya gangaro daga arewa, na Binuwai ya ɓullo daga gabas, suka haɗu. Ka tsaya a wannan gaɓa ba za ka gane mutum a waccan ba."

"Ya fi kogin Challawa da damina?" Mailafiya ya tambaya.

Sabo ya tuntsire da dariya. "Challawa? Ai wannan fitsarin jaki ce! Ka ga jirgin hayaƙi kamar gidan sama yana tafiya a kan ruwa, yana kuka kamar sa. Da, wurin ba kowa sai masunta. Turawan kamfani suka zo suka kafa rumfuna, bayin da aka 'yanta suka zauna, Nufawa suka zo, Yarbawa, Igala, mutanenmu na Kano da Katsina. Yanzu ka shiga kasuwa ka ji yare bakwai kafin ka sayi ƙosai. Daga barikin can muka taso da aka zo cin Kano. Ni ɗin nan ina cikin masu jan igwa."

"Garinku ka ja wa igwa?" in ji Gidaɗo.

"Gari na mai abin hannu ne. Me Kano ta ba ka ban da kanta a wuya?"

Gidaɗo ya lura da abu ɗaya: tun da suka bar Kano Sabo bai taɓa sauke jakar daga jikinsa ba, ko bayan gida za shi. Mailafiya ma ya lura. Wata rana a ƙasar Gwari ya tare shi.

"Maigida, a raba nama nan. Kowa ya riƙe nasa."

"A daji? Wa zai saya maka, biri? Sai Lakwaja."

"In ka ci ni, wallahi sai na feɗe ka kamar tunkiya."

"Haba, Mailafiya! Ni da kai?"

Suna wannan ja-in-ja a hanya, 'Yardada ta daɗe da isa Baro, inda layin dogo ya ƙare a bakin Kwara. Ta sauka gidan ɗan kawunta, Jibrin, dattijon da ya tsufa a kan ruwa. Ta tara masu kwale-kwale a gindin wata bishiya ta yi musu magana da harshen uwarta.

"Mutum uku ne, 'yan tudu. Ɗaya zai yi muku Nufancin bariki. In sun zo kada ku hana su jirgi."

"Mu ɗaure su nan mana," wani ya ce.

"Da bindiga a hannunsu? A kan ƙasa sun fi ƙarfinku. Ku kai su tsakiyar ruwa."

Daga nan ita da Musa suka gangara Lakwaja suka jira.

Ranar da su Sabo suka iso Baro, Gidaɗo ya tsaya a gaɓa yana kallon Kwara. Ruwa ne ja-ja, faɗinsa ya wuce hankali, yana tafiya shiru kamar ƙasa ce ke gudu. Shi da bai taɓa shiga abin da ya wuce masa ƙugu ba!

"Ni fa ban iya iyo ba," ya ce.

"Ni ma haka," in ji Mailafiya.

"Wa ya ce ku yi iyo? Zama kawai za ku yi."

Suka sayar da jakin. Sabo ya ja wani dattijo gefe suka daɗe suna ƙus-ƙus da Nufanci. Dattijon Jibrin ne. Abin da Sabo ya nema a wurinsa shi ne, in sun kai mahaɗar ruwa ya taya shi jefa abokan tafiyarsa a ruwa, shi kuma ya ba shi warwaro har na matansa. Jibrin ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya kai mu. Kafin su shiga jirgi, wani ƙaramin kwale-kwale ya riga ya sulale ya yi kudu da saƙo zuwa ga Musa.

Suka yi ta gangara. Dorina na busa a nesa, kadoji na shan rana a kan yashi. Gidaɗo ya ƙanƙame gefen jirgi har yatsunsa suka sage. Mailafiya ya yi amai ya ƙara, duk cika bakin nan ya tafi.

Da hantsin wata rana dutsen ya bayyana a dama, kansa shimfiɗe kamar faifai. A gindinsa rufin kwano na ƙyalli, ga bukkoki birjik, ga jiragen hayaƙi a jere, mutane na hawa da sauka kamar tururuwa. Ta hagu wani ruwan ya shigo, launinsa daban, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba. Kwale-kwale ya fara rawa.

"Mailafiya," in ji Sabo, "leƙa ka ga ikon Allah."

Mailafiya ya leƙa. Sabo ya ɗaga filafilin tuƙi — ƙwal! — a ƙeyarsa!

"Jibrin, kama ɗayan!"

Jibrin bai motsa ba. Yatsu biyu ya sa a baki ya yi fito mai ƙarfi. Daga bayan wani tsibiri kwale-kwale suka ɓullo, 'yan sandan Nasara a ciki, ga jar rigar Musa a gaba.

"Shege! Ka sayar da ni!"

Sabo ya kai hannu cikin fatu zai zaro bindiga. Ashe Mailafiya bai suma ba. Ya juyo, jini na bin wuyansa, ya cafki igiyar jakar da ke rataye a kafaɗar Sabo.

"Na faɗa maka! Na faɗa maka!"

"Sake ni, mahaukaci! Za mu kife!"

Suka kife.

Ruwa ya rufe Gidaɗo. Sanyi, duhu, ƙara a kunne. Ya buɗe baki zai kira Allah, Kwara ta cika shi. Ya yi sama, ya ga rana, ya sake nutsewa. Can ya ji an damƙi gashinsa an fizgo. Jibrin ne, ya kifa shi a kan bayan jirgin kamar kifi.

Igiyar jakar ta tsinke a hannun Mailafiya. Ya ɗago sau ɗaya, rungume da ita a ƙirji. Wani masunci ya miƙa masa gora yana ihu, "Saki kayan! Kama nan!" Bai saki ba. Ruwa ya murɗa shi ya tafi da shi.

Sabo ya iya iyo, ya nufi gaɓar gabas kamar kare. Ya kusa kai ga ciyawa sai masunta suka watsa masa taru. Aka jawo shi yana shure-shure yana zagi da duk yaren da ya sani. Musa ya taka wuyansa a cikin jirgi.

"Kano na gaishe ka," ya ce.

Haka abin ya ƙare. Madugu Isiyaku na kabari, ya bar mata da 'ya'ya ƙanana, masu amanar da aka ba shi suka rungumi hasara. Gawar Mailafiya ta taso can ƙasa da gari, kifaye sun ɓata ta, hannunsa wayam. Masu nutso suka yi ta lalube a mahaɗar ruwa, ko ƙwayar murjani ɗaya ba a samu ba. Sabo aka mayar da shi Kano cikin mari, alkali ya yanke, hauni ya cika aiki. Gidaɗo, da yake ya faɗi komai kuma hannunsa bai taɓa jini ba, aka ba shi ɗauri mai tsawo, ya yi shi a kurkukun Lakwaja.

'Yardada ba ta koma Kano ba. Ta ce ba za ta iya sake shiga zauren nan ba. Ta kafa rumfar gishiri a bakin gaɓa, kusa da inda jiragen hayaƙi ke tsayawa. Nan ne kuma ake kawo fursunoni kullum safe, da sarƙa a ƙafa, su yi ta sauke kaya. Gidaɗo ya sake zama ɗan dako. Yakan wuce ta gaban rumfarta kansa a ƙasa. Ta san shi, ya san ta, ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Wata rana da ruwa ya cika ya malalo har bakin kasuwa, santsi ya kwashe shi da buhu a ka. Ya faɗi daidai ƙafafunta. Gandiroba na can baya yana ciniki. Gidaɗo bai tashi ba, ya durƙusa a cikin taɓo.

"Baba," ya ce, "don Allah ki yafe mini. Wallahi ban taɓa shi ba. Ƙofa kawai na tsare."

Tsohuwa ta dube shi.

"Da ba ka tsare ƙofar ba," ta ce, "da wani ya shigo."

Ta mayar da mudu cikin gishiri ta shafe bakinsa da tafin hannu.

"Ɗauki buhunka. Kana tare mini masu ciniki."