Sammaci Daga Damagaram

Har yau idan Juwairiyya ta tuna ranar da ta fara ganin Kamaruddeen, sai ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Damina ce, gero ya kai ƙugu. Tana zaune a ƙofar gidansu a Tsamiyar Liman da tiren gyaɗar Inna a gabanta, tana haɗa baƙaƙen wata tsohuwar jarida, don ita bokonta a aji huɗu ya tsaya, sauran da kanta ta ƙarasa. Sai ga saurayi a kan babur, jakar takardu a kafaɗa.

"Salamu alaikum 'yan mata. Don Allah ina ne gidan Mati mai taki?"

Kallo ɗaya ta yi wa jakar ta gane masinjan kotu ne. A garinsu kuwa ba a nuna wa mai sammaci gida. Sai ta nuna masa hanyar fadama.

Bayan awa guda ya dawo yana tura babur, taɓo har gwiwa.

"Allah ya saka da alheri," in ji shi. "Na gaida kwaɗi, sun ce ba su san Mati ba. Auno mini gyaɗa in huce!"

Shekara biyu ke nan. Yanzu magabata sun shiga magana, an sa ranar biki bayan kaka.

Wata Talata bayan la'asar Kamaruddeen ya yi sallama. Juwairiyya ta leƙo ta ga jakar aiki a kafaɗarsa. Mahaifinta, Malam Muntaka, yana zaure yana gyara ƙotar fartanya. Ta kai ruwa, ta koma bayan ƙyaure ta laɓe.

Kamaruddeen ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Baba, yau aiki ne ya kawo ni. Abokin aikina aka ba, na roƙi Oga ya bar mini, don kada a tsaya a ƙofar masallaci ana cigiyarka."

"Wa ya kai ni ƙara?"

"Ba wanda ya kai ka ƙara, Baba. Shaida ake nema. Takardar daga wata kotu ta fito a Damagaram, ƙasar Nijar. Ta bi ta Yamai, ta bi ta Abuja, ta zo Kano, sannan ta iso mana Kunci. Wata bakwai tana tafiya. Ba sai ka je can ba. Alƙalinmu zai ji bayaninka, a rubuta, a buga hatimi, a mayar musu ranar ashirin ga watan gobe."

Ya share gumi. Ƙa'idar aiki ta ce sai ya karanta sunan mai takarda da bakinsa, shi kuwa bai taɓa furta sunan surukinsa ba.

"Baba, ka gafarce ni... Muntaka, ɗan Sama'ilu."

Malam Muntaka ya karɓa ya ƙura wa rubutun Faransancin ido. "Ni ba haka sunana yake a katin zaɓe ba. Baƙaƙen sun yi yawa."

"Haka suke rubuta shi a can. Maganar a kan ƙaninka ce, marigayi Badaru. Ya rasu ya bar mata mai suna Hafsatu da 'ya ɗaya a gidan da ya gina. Mutumin da ya sayar masa da filin yana son gidan. Ya ce Badaru bai bar magaji ba, wai ba a taɓa ɗaura auren ba. Limamin da ya ɗaura ya rasu, waliyyinta ya rasu. Ta gaya wa kotu kai ne wakilin ango."

Juwairiyya ta dafe ƙirji. Ita dai abin da ta sani, Baffa Badaru ya rasu a Nijar bai taɓa aure ba.

Malam Muntaka ya ajiye takardar a kan tabarma.

"Kamaru, a fom ɗinka akwai wurin da ake rubuta ba a sami mutum ba?"

"Akwai, Baba."

"To nan za ka cike. Sunan ma bai yi daidai ba. Cike, mu ci gaba da shirin biki."

"Baba, rantsuwa nake yi a kan abin da na rubuta. Ga ka kuma ina ganinka."

"Au! Ka zo gidana, ka kira sunana gatsal, kuma ka ƙi jin maganata?"

"Komai ka ce zan yi, ban da wannan. Zan rubuta na same ka, na karanta maka, na bar maka kwafi."

"Madalla. Ka gaya wa kawunka ranar da aka sa na ɗage ta. Tashi ka ba ni wuri!"

Washegari da hantsi Juwairiyya ta zagaya bayan rumbu ta kira Kamaruddeen a waya, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Layi ɗaya ne fa, Kamal! Layi ɗaya! Wa zai taso daga Nijar ya bincika?"

"Ba wanda zai taso. Fayil zai koma a ce babu shaida, a rufe, a fitar da mace da 'yarta kan titi."

"To ni fa? Ni ba 'yar wani ba ce? Ashe fom ya fi ni!"

"Sori, Juwai, ki saurare ni..."

"Riƙe sorinka!" Ta kashe wayar.

Sati uku ba ta ɗaga kiransa ba. Yakan turo saƙo kowace safiya, "Ina kwana, ya Baba da Inna?" Ba ya ƙara komai. Ita kuwa ta rame, ko jarida ta daina karantawa.

Ranar wata Lahadi, Malam Muntaka yana gona, tana sharar zaure sai ta hango takardar soke a jikin azara. Ta zaro. Akwai ta Faransanci, akwai fassarar Turanci, kuma a ƙarƙashin kowace tambaya Kamaruddeen ya rubuta Hausarta da fensir, da manyan baƙaƙe. Ta bi da yatsa. Ka halarci ɗaurin auren? Wa ya bayar, wa ya karɓa? A ta uku yatsanta ya tsaya: Yarinyar nan Tahira, mai shekara goma sha huɗu, a cikin auren aka haife ta?

Ta sami Inna Larai a tsakar gida tana tsince wake.

"Inna, da gaske ne ina da ƙanwa a Damagaram?"

Inna ta ajiye waken gefe.

"Kina yarinya Babanki ya ce zai je Mai'aduwa sayen rago. Ya kwana uku, ya dawo ba rago, sai goro cike da aljihu. Ban tambaya ba, amma na gane. Kakanku ya rantse duk wanda ya sa hannu a auren nan ba shi ba shi, don bai san asalin matar ba. Babanki ya tausaya wa ƙaninsa, ya je a ɓoye. Tsoho ya rasu bai sani ba. Kafin ya rasu, a gaban dangi ya sa wa Babanki albarka, ya ce shi ne ɗan da bai taɓa saɓa masa ba. Albarkar nan ce yake tsoron a ce sata ya yi."

Juwairiyya ta ji kunya ta rufe ta. Ita tana kukan ranar biki, wata kuma sunan ubanta ake son a raba ta da shi.

Da Malam Muntaka ya dawo, ta kai masa fura ta durƙusa.

"Baba, na karanta takardar. Maganar rana na haƙura, sai yadda ka ce. Ina tuna maka ne kawai, saura kwana tara a mayar da ita."

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa, Baba."

"To tashi."

Ta tashi. Ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai addu'a a bayan kowace salla.

Ranar Juma'a aka ɗaura auren 'yar maƙwabcinsu, Malam Muntaka ne ma ya karɓa wa ango. Mata suna cikin gida suna jiyo lasifika. Sanƙira ya ɗaga murya:

"An bayar, an karɓa! Jama'a ku shaida! Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba! Ku shaida duniya da lahira!"

Ko abinci ba a fito da shi ba Malam Muntaka ya shigo gida. Ya zauna a zaure da goro a tafin hannu, bai ɓare ba.

"Juwairiyya! Ɗauko takardar nan. Karanta mini ta ukun."

Ta karanta.

"Tahira," in ji shi a hankali. "Ko sunanta ban sani ba." Ya sa hannun riga ya goge ido. "A can ma haka aka ce, ku shaida. Na ce na shaida. Da bakina na ce na karɓa wa Badaru. Shekara goma sha biyar ina ɓoye wa mutane, na manta Wanda ba a ɓoye masa. Tsoho yana inda gaskiya kaɗai take amfani, Allah ya yafe mini da shi baki ɗaya. Aika a kira mini yaron nan."

Ranar Litinin Kamaruddeen ya ɗauki Malam Muntaka a babur zuwa Kunci. A gaban alƙali ya yi rantsuwa, ya faɗi wanda ya bayar da wanda ya karɓa, har da itacen da aka zauna a ƙarƙashinsa. Magatakarda ya rubuta, aka karanta masa, ya dangwala yatsa, aka buga hatimi. Hukuncin Damagaram kam sai takarda ta sake bin doguwar hanyarta. Amma kafin ya bar kotun sai da ya sa aka duba masa lambar wayar Hafsatu a cikin fayil.

Da ya dawo gida, a tsakar gida ya tsaya don kowa ya ji.

"Larai, na yi magana da matar Badaru. Kuka ya hana mu jin juna, amma na ce su zo biki ita da yarinyar. Rana tana nan yadda aka sa ta. Yaron da yake son 'yata, na tsare shi da ita ya ƙi yin ƙarya, ba zai yi mata ƙarya a ɗakinta ba."

Inna ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse.

Haka Allah yake lamarinsa. Haƙurin sati huɗu ya yi wa Juwairiyya ɗaci, amma da an cike layin nan, da aurenta a kan hawayen marainiya za a ɗaura shi.

Da yamma Kamaruddeen ya zo zance, babu jaka. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta zauna nesa kaɗan tana wasa da bakin mayafi.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, "an huce, ko in koma in kawo sammacin neman afuwa?"

"Kai dai ba ka rabo da tsokana."

"Saƙo ashirin da bakwai na turo, ko filashin ban samu ba. Na ce ko wayar ta faɗa rijiya."

Ta yi murmushi. Ita ba mai yawan magana ba ce. Shekara biyu yana zuwa, duk abin da ke ranta da ido take faɗa. Yau kuwa ta ɗago kai ta dube shi sosai.

"Kamal, ni ce mai laifi. Na nemi ka yi ƙarya saboda ni, da ka ƙi kuma na yi fushi. Ka yafe mini."

"Wallahi ban riƙe ki ba, Juwai."

"Bari in ƙarasa. Ba a zuci zan bar shi ba, da bakina nake so ka ji." Ta ja numfashi. "Na yi maka alkawari, muddin ina gidanka, ba zan sake sa ka zaɓa tsakanina da gaskiya ba. Duk inda ta tsaya, nan za ka same ni."