Dattijon da Ya Ari Littafin Yara

A wani zamani da ya shuɗe, an yi wani dattijon malami wanda ɗansa ya yi aure a wata ƙasa mai nisa. Da Allah Ya nufe shi da kai musu ziyara, sai ya iske jikarsa ba ta jin harshensa, shi ma ba ya jin nata. Ya ce mata, "Amarya, ina tuwona?" Yarinya ta ɓuya bayan uwarta. Abin ya yi masa ciwo, ga shi kuwa ayarinsu zai koma gida da ɗaukewar damina.

Sai ya ari littafin yara na harshen ƙasar, ya zauna a ƙofar gida yana karantawa da ƙarfi. Ya karanta, ya yi kuskure, yaran unguwa suka yi ta dariya.

Ɗansa ya ce, "Baba, don Allah ka shiga ɗaki. Kai fa manya ke durƙusa wa!"

Ya ce, "In na shiga ɗaki, wa zai gyara mini?"

Kashegari ya karanta, ya yi kuskure, aka yi dariya, ya tambayi daidai, ya maimaita. Haka kullum.

Ana gab da tafiya, rannan wata kalma ta kakare masa. Sai ya ji muryar jikarsa a bayansa: "Tsohon nan, gemu fari fat, amma karatu ya gagare shi!"

Babu kalmar da ta wuce shi a maganarta. Ya waiwaya, ya amsa da harshenta: "To, malama, zo ki gyara mini."

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta haye cinyarsa, ta ɗora yatsa a kan kalmar.