Famfon da Ya Shanye Ramin Marini

A wani gari, can da daɗewa, an yi wani marini da ke jan ruwan famfo da tiyo zuwa ramin rininsa. Kullum sai ya tsoma bakin tiyon cikin ruwan baba, ya tafi hira.

Mahaifiyarsa ta ce, "Ɗan nan, ɗaga tiyon nan sama."

Ya ce, "Inna, ruwa gaba yake tafiya, ba ya komawa baya."

Ran nan da tsakar rana aka ɗauke ruwa, gari ya yi tsit. Sai marini ya ji zuut, zuut, kamar wani na zuƙar kunu a ƙarƙashin ƙasa. Ya leƙa, ya ga ruwan ramin yana raguwa, ba kowa a wurin. Amma ya ɓoye wa kowa abin da ya gani.

Da ruwa ya dawo, kowane famfo ya zubo shuɗi. Yara suka kwanta ciwon ciki. Mutane suka ɗauko gatari za su sare tsamiyar kasuwa, wai aljanunta ne.

Marini ya sha gabansu. Ya ce, "Ku bar tsamiya. Kada kowa ya ƙara shan ruwan nan. Ku biyo ni, aljanin yana gidana: tiyona ne ya zuƙe ruwan rini ya mayar da shi cikin famfo."