Gayyar Gola a Gonar Baba Ɗanliti

"Asabar? Wace Asabar ɗin, Daniel?"

"Wadda ke tafe, Tabi... sun sake matsar da wasan."

Tabita ta aje gugan da ke hannunta a bakin rijiya, ta tsura masa ido. Ko kayan atisaye bai cire ba, idanunsa sun yi ja don rashin barci. Daga gani, saukarsa ke nan daga motar ƙungiya ya kamo hanyar Mabai, ƙauyen su Tabita.

"Ka dai san mi aka sa ran Asabar?"

"Na sani..."

"Faɗi in ji."

"Gayyar gonar Baba."

"To! Ashe ba ka manta ba."

Daniel ɗan Yankara ne, shi ne golan Auduga United ta Funtua, ƙungiyar da ke buga gasar ƙwararru. Kakar bana kuwa ba ta zo masu da daɗi ba. A je Jos a sha kashi, a je Makurɗi a sha kashi, a dawo gida a yi kunnen doki da ƙyar. An kori koci, an kawo wani, duk kanwar ja ce. Yanzu saura wasa guda, da tsofaffin abokan hamayyarsu Damisa Stars, a can gidan Damisa. In suka faɗi, sun gangara ƙaramin rukuni.

Su kuma a dangin Tabita, tun kaka da kakanni, ba a karɓar gaisuwar iyayen saurayi sai ya tara abokansa sun yi wa uban yarinya noma, shi a kan gaba. Zuwan coci bai kawar da wannan al'ada ba. An sa masa noman farko, wasa ya hana shi. Mahaifinta, Baba Ɗanliti, ya haɗiye, ya ce a bari sai maimai.

"Rabin raina, ki dube ni. Golanmu na biyu ƙafarsa na ɗaure. In ban tsaya ba, wa zai tsaya? Akwai masu mata da 'ya'ya a cikinmu, da wasan ga suke ci..."

"Ni kuma wa zai tsaya mani?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na gaji, Daniel. Wallahi na gaji! Kullum ni ce mai kai wa Baba haƙuri. Har bakina ya saba."

"Zan roƙi koci..."

"Kada ka yi mani ƙarya, abin ƙaunata. Ni da kai mun san inda za ka kasance."

Ta ɗauki bokitinta ta wuce, ruwa na zuba a kafaɗarta ba ta ma ji ba.

Ta ishe Baba a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Ta durƙusa ta faɗa masa komai. Bai ɗago ba sai da ta gama.

"Na riga na sanar da mutane, ɗiyata. Na gaya wa makaɗi, na ware akuya. Namiji ba ya ɗage rana sau biyu."

"Baba, aikinsa ne..."

"Ban ce ba aiki ba ne. Amma ni tsufa ya kama ni, uwarki ta rigaye mu, yayyenki birni ya cinye su. Ke kaɗai nike kallo in ji sanyi. In na ba shi ke, ranar da kike naƙuda yana Makurɗi? Ranar da ƙafar ta karye fa, mi za ku ci?" Ya sauke numfashi. "Ban ƙi yaron ba. Tsoro nike ji. In ya zo, ya zo. In bai zo ba, ki haɗa mashi kayansa."

Ranar Asabar tun da hantsi mutane suka cika bakin gona. Gwaggo Rifkatu, ƙanwar Baba, ta tuƙa tuwo, an dama kunu, makaɗi ya rataya gangarsa. Duk babur ɗin da ya yi ƙara a hanyar Ƙanƙara sai kowa ya waiga.

Rana ta take. Rana ta karkata.

Wani dattijo ya matso. "Ɗanliti, tunda mun zo da fartanyunmu, bari mu rage maka mana."

"A'a. Gayyar suruki ba a yin ta da aron fuska. Ku ci abinci, ku yi haƙuri, Allah shi saka."

Haka aka ci naman akuya shiru kamar gidan makoki, aka watse. Ciyawa na nan yadda take. Tabita ta tsaya tana kallon bayan mahaifinta yana tafiya gida, fartanya a kafaɗa, bai ko sari ƙasa da ita ba. Ba ta taɓa lura ya ranƙwafa haka ba.

Sai bayan an taso daga coci ran Lahadi ta ji labarin wasan a bakin samari. Wai Daniel ya tare bugun daga kai sai mai tsaron gida, har yatsunsa suka goce, ya ƙi fita. Ana shirin tashi aka zura masa guda. 'Yan Damisa suka bi motarsu da waƙar zambo har bakin gari.

Auduga United ta faɗi.

Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta ninke rigar gola da ya ba ta, da turmin atamfa, da 'yar sarƙa, ta ƙulle su a ɗankwali. Wayarta ta yi ta ruri, ta kife ta.

Ran Talata Baba ya hau kekensa ya tafi Ketare gaisuwar mutuwa. Bai daɗe da fita ba sai ga wata doguwar mota mai hoton ƙwallo tana tangaɗi a cikin taɓo, yaran gari na bin ta da ihu. Ta tsaya ƙofar gida. Zaratan samari suka yi ta dirowa, wasu da takalman ƙwallo, kowa riƙe da sabuwar fartanya da ko ƙasa ba ta taɓa ba.

Daniel ne ya sauko a ƙarshe, hannunsa na dama naɗe da bandeji.

"Mi ya kawo ka?" in ji Tabita daga bakin zaure.

"Gayya na kawo."

"An yi gayya ran Asabar. An ci akuya, an watse."

"Na sani, Tabi. Ban zo da baki ba, ba ni da abin faɗi. Ki bar ni in nome gonar kawai, ko da ba za a ba ni ke ba."

Wani dogo ya matso ya rusuna. Abdulgafar ne, kyaftin ɗinsu, mutumin Ilori, Hausarsa a karye. "Amariya, yi haƙuri. Saboda mu ya ƙi zuwa. Mu ma saboda shi mun zo."

Tabita ta dubi Gwaggo Rifkatu. Gwaggo ta taɓe baki.

"Yo ciyawa ta san Asabar da Talata? Ku tafi ku nome! Ke kuma zo mu ɗora kunu, waɗannan ƙattin in suka ji yunwa mu za su cinye."

A bakin gona Daniel ya nuna masu kara guda. "Wannan ita ce dawa. Kada wanda ya taɓa ta."

"An gama!" in ji Abdulgafar. Nan take ya raba su gida biyu kamar a filin atisaye, 'yan baya da 'yan gaba, a ga wanda zai riga kai ƙarshen gona. Ban da Daniel, mutum guda a cikinsu da ya tashi a gidan noma shi ne Sanusi direba, mutumin Sabuwa, shi kuwa ya shimfiɗa tabarma gindin ɗorawa ya kama minshari.

Da Tabita ta iso da ƙwaryar kunu a kai, tun daga nesa take jin waƙarsu. Har ta fara murmushi. Rabon da ta ga gonar nan fes haka ta manta.

Sai ta dubi ƙasa.

Ƙwaryar ta suɓuce, kunu ya malale.

"Wayyo Allah! Ku tsaya! Ku tsaya!"

A tsakanin dawar, Baba ya ratsa wake. Bai daɗe da tsirowa ba, ganye huɗu huɗu. Yanzu ga shi nan kwance tare da ciyawar harƙiya, saiwa sama, rana ta fara yanƙwana shi. Kunya bayan kunya, har ƙarshen gona.

"Wannan ba ciyawa ba?" in ji Abdulgafar, yana share gumi.

"Waken Mama ne!" Ta durƙushe tana tattara su a tafin hannu. "Irinta ne, daga gidansu ta zo da shi ranar aurenta... kowace shekara Baba ke adana shi cikin toka. Bana ƙwari suka ci rabi, ɗan abin da ya rage duka ya shuka... duka!"

Kukan da ta riƙe tun Asabar ya ɓalle. Waƙa ta mutu. Ƙatti suka tsaya cirko-cirko da fartanyu a hannu kamar an busa tashi.

Daniel ya taho da gudu daga can baya. Da hannu guda yake noma, kansa a ƙasa don zafin yatsu, an bar shi nesa, bai ga abin da ake yi a gaba ba. Ya dubi gonar, ya ɗora hannu a ka.

"Na shiga uku... Tabi, ban yi zaton akwai wanda bai san wake ba..."

Ƙararrawar keke ce ta katse shi.

Baba Ɗanliti ya jingine kekensa a jikin ɗorawa. Ya dubi motar, ya dubi samarin, ya dubi ɗiyarsa a ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauki tsiro guda, ya daɗe yana juya shi a hannu.

Daniel ya zube a gabansa, ya hau tona ƙasa da hannun hagu yana mayar da su. "Baba, zan dasa... yanzun nan zan dasa su duka..."

"Bari, yaro. Dawa ake dasawa. Wake in ya bar ƙasa ya tafi ke nan."

Ya soma tafiya cikin gonar a hankali, hannu a baya. Tabita ta tashi ta bi shi, don tana tsoron kada ya faɗi. Suka ratsa har gefen gabas, nan ya ja ya tsaya.

Kunya guda ce, ko rabi ba a kai ba. Amma an bi ta tsaf. Kowane tsiron wake na tsaye, an kewaye shi, an tura masa ƙasa a gindi. A jikin ƙotar fartanyar da aka yar a wurin akwai ɗan jini.

"Wa ya nome nan?"

Sai Abdulgafar ya ce, "Gola ne, Baba. Shi ne ya zo na ƙarshe."

Baba ya yafito Daniel. Ya kama hannun mai bandeji ya duba, ya sake shi.

"An ce kun faɗi."

"Mun faɗi, Baba."

"Duk wahalar shekara?"

"Duka. Tun kaka muke kan hanya... babu garin da ba mu kwana a mota ba."

"Kuma baɗi za ka koma?"

Tabita ta so ya yi ƙarya, ko sau ɗaya.

"Zan koma, Baba. Shi na iya."

Baba ya yi wata 'yar dariya marar ƙarfi, ya zauna a kan kunya.

"Haka muke, mu manoma. Ka yi ta bauta damina guda, ana gobe girbi ruwa ya ɗauke, baɗi kuma ka sake fitowa da fartanya kamar marar hankali." Ya goge ido da bakin riga. "Ni da na aza wasa kuke yi."

"Baba, ka gafarce ni..."

"Ran Asabar ka kunyata ni, ban ɓoye maka. Yau abokanka sun kashe mani wake. Ban san surukin da ya taɓa yin ɓarna irin taka ba tun ba a ba shi ba." Ya shafa ganyen tsiron da ke kusa da shi. "Amma wannan ya isa iri."

Ya ɗago ya dubi ɗiyarsa. "Tabita, har yanzu kina son shi? Kin ga dai yadda zaman zai kasance. Rabin shekara ke kaɗai."

"Na gani, Baba..." in ji ta. "Ina son shi."

"To, Allah shi ba ki haƙurin uwarki." Ya juya ga Daniel. "Ka gaya wa magabatanka su zo kafin waken ga ya yi fure."

Samarin suka ɓarke da sowa, Abdulgafar ya ɗaga fartanya sama zai ruga cikin kunyar.

"Kai! Kai dogo!" Baba ya daka masa tsawa. "Ka fitar mani da mutanenka daga gona! Kowa ya aje fartanya!"

Suka ja da baya sumui-sumui. Daniel ya sunkuya zai ɗauki tasa, yatsun suka ƙi kamawa. Tabita ta riga shi. Ta ɗaure zanenta, hawaye na sauka, ta tsaya a inda ya tsaya.

"Matsa, abin ƙaunata," ta ce a hankali. "Kai dai bi ni kana tura masu ƙasa."