Kyanwar da Ta Haɗiye Allura

Ranar wata Laraba da hantsi, a wani gari can, wata yarinya na zaune kusa da kakarta mai ɗinkin hula. Kwatsam sai kyanwarta ta cafke zaren da ke lilo, ta haɗiye shi har da allurar.

Kaka ta ce, "Maza jiƙo gishiri a ɗura mata, ta amayar!"

Yarinya ta rungume kyanwa. Ta ce, "Kaka, allura ce fa. In ta juyo, ta ina za ta bi?"

Ta saka kyanwa a kwando, ta fita da gudu. A ƙofar gida maƙwabciya ta tare ta da kwalbar manja, ta ce, "Tsaya a ɗura mata, ta amayar."

"Inna, allura ce fa."

A bakin kasuwa mahauci ya ce, "Wannan gudu duk don kyanwa? Kawo in zura mata yatsa, ta amayar."

"Baba, allura ce fa."

Ba ta tsaya ba sai asibitin dabbobi. Likita ya ba kyanwa maganin barci, ya haska maƙogwaronta, ya zaro allurar da hantsaki. Ya ce, "An ɗura mata wani abu?"

"A'a."

"Madalla. Da ta yi yunƙurin amai, da allurar nan ta huda mata maƙogwaro. Gishirin ma kansa yana iya kashe ta."

Da la'asar yarinya ta miƙa wa Kaka allurarta a naɗe cikin takarda. Washegari kyanwa ta ci abinci, Kaka ta ƙarasa hularta.